Yesu zai dawo, to sai me? Tsakanin masu yanke rana da masu tashi su tafi aiki

Idan Kirista ya gaskata cewa Yesu zai dawo kuma wannan duniyar za ta ƙare, me bangaskiyarsa ta ɗora masa ya yi gobe da safe? Ya zauna da Littafi Mai Tsarki da kalanda har ya gano ranar, ko ya tashi ya kama sana'arsa kamar jiya? Tambayar ta sake tasowa a watan Satumba na 2025, lokacin da wani ɗan Afirka ta Kudu mai suna Joshua Mhlakela ya ce Yesu ya bayyana gare shi, ya kuma shaida masa za a ɗauke masu bi zuwa sama ranar 23 ko 24 ga watan. Maganar ta cika TikTok da YouTube, wasu na ban kwana da hawaye, wasu na ta ba'a. Ranakun suka zo suka wuce. Sai aka ce ai da tsohuwar kalanda ya kamata a ƙirga, aka matsa zuwa farkon Oktoba, shi ma ya zo ya wuce.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, mai kallo daga waje yakan ɗauka koyarwar Kiristanci ce ta ƙaryata kanta. Wani Kiristan kuma, don kunyar abin, sai ya daina son a ta da zancen dawowar Yesu kwata-kwata. Alhali gardamar ta cikin gida ce, kuma tsohuwa ce ƙwarai. Ta girmi duk ɗarikun da muke ji yau, domin tun manzanni suna raye ake yin ta.

Gaskata dawowa daban, yanke rana daban

Kusan duk Kiristocin duniya, Katolika da Otodoks da Furotestan, sun haɗu a kan cewa Yesu Almasihu zai sake zuwa, matattu za su tashi, za a yi shari'a. Wannan yana cikin Shaidar Bangaskiya ta Nikiya, wadda aka fara tsarawa a shekara ta 325 aka faɗaɗa ta a 381, kuma har yau ana karanta ta a majami'u. Abin da ta ce gajere ne: zai sake zuwa cikin ɗaukaka ya yi wa rayayyu da matattu shari'a. Ba ta ambaci shekara ba, balle wata.

Sama da wannan akwai duba alamu, wato a ga yaƙi ko yunwa ko annoba ko girgizar ƙasa a ce lokaci ya matso. Kiristoci da yawa suna yin haka ba tare da sun faɗi rana ba. Sai kuma yanke rana, a ce ranar kaza ga watan kaza. Wannan shi ke cin kanun labarai, shi ne kuma mafi ƙarancin mabiya. Cocin Katolika tun 1516, a babban taron Lateran na biyar, ta hana masu wa'azi ayyana lokacin zuwan magabcin Almasihu ko ranar shari'a.

Akwai 'yan kalmomi da sai an san su kafin a bi zancen. Fyaucewa ita ce ɗauke masu bi su taryi Ubangiji a sararin sama, kuma an samo ta ne daga 1 Tasalonikawa 4:16-17. Babban ƙunci shi ne zamanin matsananciyar wahala kafin ƙarshe, wanda wasu ke ƙirga masa shekara bakwai daga littafin Daniyel sura 9. Magabcin Almasihu shi ne shugaban da zai yaudari duniya. Shekara dubu kuwa tana cikin Ru'ya ta Yohanna sura 20, kuma a kanta ne malamai suka fi rabuwa. Wasu sun ce Yesu zai dawo tukuna sannan ya yi mulkin shekara dubu a duniya. Wasu sun ce bishara za ta gyara duniya a hankali har zamanin salama ya zo, sannan ya dawo. Wasu kuma, bisa koyarwar Augustine, bishop ɗin Hippo da ke Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, sun ce adadin misali ne na dukan zamanin ikilisiya. Wannan ra'ayi na Augustine shi ya rinjayi cocin Yamma sama da shekara dubu.

Tsarin da ya fi yawo a intanet, na cewa za a ɗauke masu bi a asirce, a bar saura su sha ƙuncin shekara bakwai, sannan Yesu ya bayyana a fili, bai kai shekara 200 da kafuwa ba. Wani mai wa'azi ɗan Birtaniya, John Nelson Darby, ne ya tsara shi a shekarun 1830, sannan wani bugun Littafi Mai Tsarki mai ɗauke da sharhin C. I. Scofield, wanda ya fito a 1909, ya shigar da shi gidajen Amurkawa. Daga can masu mishan da rediyo da talabijin suka kai shi ko'ina. Katolika da Otodoks ba sa koyar da shi, haka ma tsofaffin ɗarikun Furotestan da dama. Wanda ya tashi a cikinsa yakan zaci ko'ina haka ake karantawa.

Me nassi ya sa mai jira ya yi?

Ayar da kowa ya sani ita ce Matiyu 24:36, inda Yesu ya ce babu wanda ya san wannan rana ko sa'ar, ko mala'ikun sama, ko Ɗan, sai Uba kaɗai. A Ayyukan Manzanni 1:7, da almajirai suka tambaye shi ko yanzu ne zai maido wa Isra'ila mulki, ya ce musu sanin lokatai ba nasu ba ne, nan take kuma ya ba su aiki: su zama shaidunsa har bangon duniya. Musulmi mai karatu zai ji abin ya yi masa kama da abin da ya sani, domin a Alƙur'ani ma sanin Sa'a na Allah ne shi kaɗai.

Amma a ganina ba wannan ayar ce ta fi kashe bakin masu lissafi ba. Abin da ya biyo bayanta ne. Da Yesu ya gama cewa ba wanda ya sani, bai bar almajirai cikin duhu ba, sai ya jero misalai don nuna yadda mai shiri yake. Na farko bawa ne da maigida ya ɗora a kan sauran bayi ya riƙa ba su abinci a kan kari, kuma mai albarka shi ne wanda maigidan ya dawo ya tarar yana cikin yin hakan. Na biyu 'yan mata goma ne masu jiran ango. Biyar suka ɗauki fitila kawai, biyar suka ƙara da guzurin mai. A lura da abin da ya raba su: ango ya yi jinkiri. Masu hikimar su ne waɗanda suka yi tanadin doguwar jira, wawayen kuwa su ne suka tabbata yanzu-yanzu zai iso. Na uku shi ne misalin talanti, inda aka yabi bayin da suka juya dukiyar maigida, aka hukunta wanda ya binne tasa don tsoro. Luka ma, da ya kawo irin wannan misali a sura 19, ya faɗi dalilin da ya sa Yesu ya ba da shi: mutane sun zaci mulkin Allah zai bayyana nan take.

Sai aka rufe da ranar shari'ar kanta, a Matiyu 25:31-46. Tambayoyin da aka yi a can an san su: an ciyar da mai yunwa, an shayar da mai ƙishi, an sauki baƙo, an tufatar da mai tsiraici, an duba mara lafiya, an ziyarci ɗan kurkuku? Ba a tambayi kowa ko ya gane alamun zamani ba. Abin mamaki ma, waɗanda aka yaba ba su san sun yi wani abin a zo a gani ba.

Wasiƙun Bulus zuwa ga Tasalonikawa sun nuna cewa matsalar ta faɗo tun da wuri. A wasiƙa ta biyu ya gargaɗe su kada hankalinsu ya tashi saboda wani annabci ko wata wasiƙa da aka jingina masa mai cewa ranar Ubangiji ta riga ta zo. A sura ta 3 kuma ya juya kan waɗanda suka daina aiki suna yawon shiga sharo ba shanu, ya ce wanda ya ƙi yin aiki kada a ba shi abinci. Masu sharhi da yawa suna ganin zumuɗin ƙarshen duniya ne ya sa waɗannan suka ajiye sana'a. Wasiƙar nan ta fari da ake ɗauko ayar fyaucewa daga cikinta, 'yan ayoyi kaɗan kafin nan, a 4:11, cewa ta yi su zauna lafiya, su kula da sha'anin gabansu, su yi aiki da hannuwansu.

Tsohon Alkawari ma yana da labari mai kama da wannan. Lokacin da aka kwashe Yahudawa zuwa Babila, wani annabi mai suna Hananiya ya ce cikin shekara biyu za a karya karkiyar Babila a komo gida. Labari ne mai daɗin ji. Irmiya kuwa ya aika wa 'yan bauta wasiƙa cewa shekara 70 ce, don haka su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar, su kuma nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su. Wa zai so jin wannan? Amma maganar Irmiya ce nassi ya gaskata.

Yadda ake haɗa lissafin

Masu yanke rana ba mahaukata ba ne, yawancinsu ma masu ƙwazon karatu ne. Misalin William Miller ya isa a ga yadda abin ke tafiya. Manomi ne ɗan Baptis a jihar New York ta Amurka. Ya karanta Daniyel 8:14, inda aka ambaci kwana 2,300 kafin a tsarkake wuri mai tsarki. Ya ɗauki kowace rana a matsayin shekara, ya ɗauki tsarkakewar a matsayin dawowar Yesu, ya fara ƙirga daga shekara ta 457 kafin haihuwar Almasihu. A cire 457 daga 2,300, sai a sami 1843. Da wa'adin farko ya wuce, wani mabiyinsa, Samuel Snow, ya gyara lissafin ya tsayar da 22 ga Oktoba, 1844. Dubun dubatar mutane suka jira, wasu sun bar amfanin gona ba su girbe ba. Gari ya waye kamar kullum.

Ƙari da ragin Miller daidai ne. Inda gizo ke saƙar shi ne zato uku da aka jera kafin a fara ƙirga: ma'anar rana, ma'anar tsarkakewa, da wurin farawa. Kowanne zaɓin mai lissafi ne, kuma in aka taɓa ɗaya sai amsar ta gusa da ɗaruruwan shekaru. Shi ya sa kusan kullum amsar takan faɗo cikin rayuwar mai lissafin.

A ƙarni na 20 sai aka sami sabon wurin farawa: kafuwar ƙasar Isra'ila a 1948. Aka haɗa ta da misalin itacen ɓaure a Matiyu 24 da maganar cewa wannan tsara ba za ta shuɗe ba sai duk abubuwan sun cika. Hal Lindsey, a wani littafi da ya fitar a 1970 wanda aka sayar da miliyoyin kwafi, ya nuna cewa tsara kusan shekara 40 ce, masu karatu suka haɗa suka sami 1988. Edgar Whisenant, tsohon injiniya a hukumar NASA, ya kawo dalilai 88 cewa fyaucewa za ta auku tsakanin 11 da 13 ga Satumba, 1988. Da ba ta auku ba ya koma 1989. Su kuwa wasu malaman suna ganin yawancin abin da ke cikin Matiyu 24 ya riga ya cika a shekara ta 70, lokacin da sojojin Roma ƙarƙashin Titus suka rushe Haikalin Urushalima, kusan shekara 40 bayan Yesu ya yi maganar.

Ga mai mamakin yadda Satumba ke yawan fitowa: a lokacin ne sabuwar shekarar Yahudawa takan faɗo, idin da ake busa ƙaho, kuma Bulus ya ce da ƙarar ƙaho Ubangiji zai sauko. Ranakun Whisenant na 1988 da na Mhlakela na 2025 duk a kan wannan idi suka dira.

Me ya sa ba a daddara ba?

Tsoro na nan, kuma ba a raina shi. Wanda ke cikin yaƙi ko annoba ko tsadar rayuwa, in aka ce masa wahalar nan tana da wa'adi kuma ga ranarsa, an ba shi abin riƙewa. Ru'ya ta Yohanna kanta an rubuta ta ne ga ikilisiyoyi bakwai na Asiya Ƙarama da ke shan matsi a ƙarƙashin Roma, don a ƙarfafa su. Ɗan Adam kuma bai iya zama da rashin sani ba. Kalmar "ba wanda ya sani" tana da nauyi a zuciya, rana tsayayya ta fi ta sauƙin ɗauka.

Akwai kuma daɗin zama cikin 'yan tsirarun da aka buɗe wa asiri. Sannan akwai kasuwa. Wa'azin haƙuri da maƙwabci da biyan bashi ba ya tara jama'a kamar wa'azin da ya ce saura kwana 40, kuma manhajojin sada zumunta suna tura abin da ya fi tayar da hankali gaba. A da sai mutum ya buga littafi ko ya mallaki gidan rediyo, yanzu waya ɗaya ta wadatar.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne faɗuwar annabci ba ta cika kashe tafiyar ba. Wasu sukan watse, wasu su ce kuskuren lissafi ne su sa sabuwar rana, wasu kuma su ce abin ya faru amma a ruhaniyance. Harold Camping, shugaban gidan rediyon Family Radio a Kalifoniya, ya bi kusan duk hanyoyin. Ya fara nuna Satumban 1994, sannan ya tsayar da 21 ga Mayu, 2011. Da ta wuce ya ce shari'a ta ruhu ce aka yi, ƙarshen zahiri sai 21 ga Oktoba. A watan Maris na 2012 ne ya fito ya ce yunƙurin sa rana zunubi ne, masu sukarsa da suka riƙe Matiyu 24:36 su ne da gaskiya. Kaɗan ne cikin irinsa suka taɓa yin haka.

Masu duba alamu ma suna da hujja

Adalci ne a ji nasu. Suna cewa Yesu ya tsawata wa mutanen zamaninsa don sun iya karanta yanayin sama amma sun kasa karanta alamun zamani, kamar yadda yake a Matiyu 16:3. Suna cewa shi da kansa ya ce in kun ga waɗannan abubuwa ku sani ya kusa, kuma Bulus ya ce masu bi ba sa cikin duhu da ranar za ta mamaye su kamar ɓarawo. Suna kuma nuna 2 Bitrus 3, inda aka yi gargaɗi game da masu ba'a da za su riƙa cewa ina alkawarin zuwan nasa. Tsoronsu shi ne coci ta miƙe ƙafa a duniya har ta manta baƙuwa ce.

Wannan tsoron yana da tushe. Akwai majami'un da shekara za ta zagayo ba a taɓa batun shari'a ko tashin matattu ba, sai zancen samun ci gaba da buɗi. Matashin da ya buɗe Daniyel ko Ru'ya ta Yohanna ya rikice, in fastonsa ba shi da abin ce masa, intanet tana da shi. Cocin da ta yi shiru a kan ƙarshen zamani ita ke miƙa 'ya'yanta ga masu kalanda.

Inda hujjar ta raunana shi ne alamun da ake lissafawa babu ƙarnin da bai gan su ba. Wanda ya rayu a tsakiyar ƙarni na 14, lokacin annobar da ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai ko fiye, ya fi mu dalilin cewa ƙarshe ya zo. Lambar nan 666 ta Ru'ya ta Yohanna 13 an liƙa wa fafaroma da Napoleon da Hitler, an liƙa wa layukan farashi da ke jikin kaya, an liƙa wa allurar rigakafin korona. Masana da yawa kuwa suna ganin masu karatun farko sun gane sarki Nero ake nufi, domin haruffan sunansa da Ibrananci suna ba da wannan jimla. Surar 2 Bitrus ɗin ma da suke kafa hujja da ita, tambayar da ta ƙare da ita ita ce: tun da haka abubuwa za su narke, waɗanne irin mutane ya kamata ku zama?

Wa ke kwana a ciki?

A nan ne batun ya daina zama gardamar malamai. Hippolytus na Roma, wani malamin coci na dā, a sharhinsa kan littafin Daniyel a farkon ƙarni na 3, ya ba da labarin wani shugaban ikilisiya a Siriya da ya kwashi mutane da mata da yara zuwa jeji su taryi Almasihu, har hukuma ta kusa kama su a matsayin 'yan fashi. Ya kuma ba da na wani a yankin Fontus da ya dogara da mafarkansa ya ce shari'a za ta zo cikin shekara guda. Mutane suka bar gonaki, wasu suka sayar da abin hannunsu. Shekara ta cika, waɗanda suka sayar suka koma bara. Shi kansa Hippolytus bai tsira ba, don ya yi nasa lissafin ya kai shi wajen shekara ta 500, sai dai ya tura ranar nesa da zamaninsa.

Tun daga lokacin salon bai sauya ba: mai annabci yakan farfaɗo, mabiyi ne ke kwana a ciki. A Koriya ta Kudu, Lee Jang Rim na ƙungiyar Dami ya sa 28 ga Oktoba, 1992. Mutane suka ajiye aiki, suka sayar da gidaje, suka miƙa kuɗi. Da hukuma ta bincike shi sai aka tarar yana riƙe da takardun jari da wa'adinsu bai cika ba sai a 1993, kotu kuma ta ɗaure shi kan zamba. A zamanin Camping an ba da rahoton wani ɗan fansho da ya kashe kusan dala 140,000 na ajiyarsa wajen buga tallar ranar.

Wani lokaci abin yakan kai ga rai. A birnin Munster na Jamus, masu cewa nan ce Sabuwar Urushalima sun ƙwace mulki a 1534, aka yi musu ƙawanya, aka gama da su da kisan gilla a 1535. A Kanungu ta Yuganda, wata ƙungiya da ta sa ƙarshen duniya a ƙarshen 1999 ta ƙare da gobarar 17 ga Maris, 2000, sannan aka tono wasu gawarwaki a gidajenta, jimilla sama da mutum 700. Bayanin da aka fi kawowa shi ne mabiyan da suka sayar da dukiyarsu sun fara neman a maido musu. A dajin Shakahola na Kenya, daga 2023, an tono gawarwaki sama da 400 na mutanen da ake zargin wani mai wa'azi, Paul Mackenzie, ya umarce su su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. An gurfanar da shi, ya musanta tuhumar.

Waɗannan su ne mafi muni, kuma ba su da yawa. Ɓarnar da ta fi yawa ba ta shiga jarida. Ɗalibi ya saki karatu don me amfanin takarda. Iyali sun fasa tanadi. Mara lafiya ya daina shan magani. Yaro ya dawo gida bai tarar da kowa ba, gabansa ya faɗi, ya zaci an fyauce iyayensa an bar shi. Sai kuma asarar da ta fi damun fastoci: wanda aka ɗaure wa bangaskiya a jikin wata rana, in ranar ta faɗi, sau da yawa da bangaskiyar take faɗuwa. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ba da ma'auni mai sauƙi, cewa in annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, to ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kada a ji tsoronsa. Da ana aiki da wannan aya, da ba a ba mutum ɗaya dama ta biyu da ta uku ba.

Jiran da ke sa aiki

Kada a ɗauka duk mai ɗokin dawowar Yesu malalaci ne, tarihi bai nuna haka ba. Lord Shaftesbury, wani ɗan majalisar Ingila, ya yi imani sosai cewa zuwan ya kusa, kuma shi ne ya tsaya kai da fata har majalisa ta yi dokar 1842 da ta hana sa mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 aiki a ƙarƙashin ƙasa a ramukan haƙar kwal. Tunaninsa shi ne Maigida na iya shigowa kowane lokaci, to me zai tarar ana yi wa yaran nan? Daga cikin mabiyan Miller da suka sha kunya a 1844 ne cocin Adventist ta fito a 1863. Ta daina sa rana, kuma yau tana cikin ɗarikun Furotestan mafi yawan makarantu da asibitoci a duniya. Ana yawan jingina wa Martin Luther cewa ko da ya san gobe duniya za ta tashi zai dasa itacen tuffa yau. Ba a sami maganar a rubuce-rubucensa ba, sai a shekarun 1940 ta ɓullo, amma yadda ta karɓu ya nuna abin da Kiristoci da yawa ke ji a ransu.

Bambancin, in an duba, yana ga abin da rashin sanin ranar ke yi wa mutum. Wanda bai san ranar ba dole kowace rana ta zama mai yiwuwa a gare shi, don haka bashin da zai biya da gafarar da zai nema ba sa jiran wani wata. Wanda aka ba rana kuwa an ba shi izini biyu ba tare da ya lura ba: ya yi sakaci kafin ta matso, ya kuma watsar da nauyin da ke kansa in ta matso. Yanke rana, wanda ake tallarsa da sunan shiri, shi ke rage shirin.

Ranakun da ke tafe

Za a sake sa wata rana, wannan kam babu tantama. Tuni wasu suka fara nuna 2033, bisa lissafin cika shekara 2,000 da gicciye Yesu, kuma duk rikicin da ya tashi a Gabas ta Tsakiya zai zo da nasa masu fassara. Ga mai zuwa coci, tambayoyin da za su fi yi masa amfani ba na lissafi ba ne. Mai maganar ya taɓa sa wata rana a baya, kuma me ya ce da ta wuce? Yana neman a ajiye aiki ko makaranta ko magani? Ina kuɗin da ake tarawa ke zuwa, shi kuma ya sayar da nasa gidan? Akwai wasu dattawa ko majalisar coci da za su iya tsawata masa?

Ana kuma yawan ambato 2060 da sunan Isaac Newton, kuma gaskiya ne masanin kimiyyar ya bar wannan adadi a takardunsa bayan dogon nazarin littafin Daniyel. Sai dai masu yaɗa shi ba sa kawo sauran bayanin. Newton cewa ya yi bai ga dalilin da ƙarshen zai zo kafin wannan shekara ba, yana iya wuce ta, kuma ya rubuta hakan ne don ya taka wa masu gaggawar hasashe birki, domin duk lokacin da hasashensu ya faɗi, mutuncin annabcin nassi ne ke zubewa.